Malam Labaran da Makahon Kare

A unguwar Thamesmead ta birnin London, inda gidajen kankare suka hau kan juna har sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensu, akwai wani dattijo da ake kira Malam Labaran. A hawa na shida yake, a flat, wato sashen gida, na ƙarshe a baranda. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram. Yana saurayi ya zo London karatun safiyo, karatun bai kai ƙarshe ba, sai ya kama aikin gadi a wani ofishi kusa da Charing Cross. Daga baya ya koma tuƙin bas, kuma a kan wannan kujera ya yi furfura. Ya san titunan kudancin London kamar yunwar cikinsa. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, sai ya yi ritaya.

Bai daɗe da ajiye aiki ba Allah ya yi wa matarsa Murja rasuwa. Sun yi shirin komawa gida tare, har sun sa an zagaye musu filinsu na Dutse da katanga, amma a nan aka binne ta. Tun daga nan maganar komawa ta mutu, don ya ce ba zai tafi ya bar ta ita kaɗai ba. 'Ya'yansu biyu ne. Fa'iz yana aiki a Manchester, Zarah kuma tana aure a Kanada. Suna kira, ba a ce ba sa kira ba, amma kiran waya kamar yayyafi ne, ba ya jiƙa ƙasa.

Rayuwarsa ta koma shiru. Ya yi sallar asuba, ya haɗa shayi, ya kunna shirin Hausa a waya ya saurari labarin garuruwan da ya daɗe bai taka ba. Wata rana sai ya kai la'asar bai buɗe baki ba in ba don salla ba. Ranar Juma'a ce kaɗai yake sa babbar riga ya hau bas zuwa masallaci a Woolwich, ya gaisa da mutane, ya dawo.

Wata damina sai shirun nan ya fashe. Daga flat ɗin da ke jikin nasa wani kare ya fara kuka. Kuka ne mai tsawo kamar na makoki, yana yi yana karce ƙofa. Da zarar mai gidan ta fita da safe zai fara, ba zai daina ba sai ta dawo. Malam Labaran ya toshe kunne, ya ƙara sautin waya, ya koma ɗakin kwana, duk a banza. Da ya kai mako guda yana haƙuri, sai ya sa hularsa ya je ya ƙwanƙwasa.

Maƙwabciyar tasa sunanta Marvellous. 'Yar Kafanchan ce, Hausa a bakinta kamar ruwa, kuma aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Sukan gaisa a lif, iyakar sanin da suka yi wa juna ke nan. Ta buɗe ƙofa da rigar aiki a jikinta, ko takalmi ba ta cire ba.

"Baba, sannu. Na san abin da ya kawo ka."

"To tunda kin sani, kin hutar da ni. 'Yar nan, wannan dabba taki ta hana ni sakat."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba kai kaɗai ba ne, mutanen hawan ƙasa har sun kai ƙara council, wajen hukumar unguwa." Ta jingina da bango. "Ba nawa ba ne ma. Na wata tsohuwar Baturiya ce da na yi jinya a Plumstead. Ta rasu, 'ya'yanta suka ce ba sa so, ya tsufa, ga shi ba ya gani. Suka ce a kai shi a yi masa allura ya huta. Ni kuwa na kasa. Ita ta roƙe ni tun tana da rai."

Tana cikin magana sai ga karen ya fito daga kicin. Gajere ne, mai dogayen kunnuwa masu reto, jikinsa fari da ruwan ƙasa. Wata farar yana ta rufe idanunsa duka biyu. Ya yi karo da ƙafar tebur, ya ja da baya, ya tsaya. Sai ya ɗaga hanci sama, ya shaƙa, ya juyo daidai inda baƙon yake tsaye.

Malam Labaran ya matsa baya ya tattare rigarsa. Amma bai tafi ba. Wannan ɗaga hancin ya san shi. Kakansa na wajen uwa maharbi ne, yana da karnukan farauta a bayan gida, kuma tun yana ƙarami ya sha ganin yadda tsohon ke jan fatar zomo a ƙasa, ya zagaya da ita bayan rumbu, ya ɓoye, sannan ya saki 'yan kwikwiyo su bi sawu. Yakan ce kare da hanci yake gani, ido kyauta ce aka ƙara masa.

"Ya sunansa?"

"Toffee."

"Alewa ke nan." Ya sake duban karen. "Wannan ba rashin ido ne ya fi damunsa ba. Zaman banza ne. An kulle shi a gidan da bai sani ba, babu kowa, babu abin yi. Ko mutum ne sai ya yi kuka."

Marvellous ta dube shi. Shi ma ya ji maganar ta fito da nauyi fiye da yadda ya yi niyya. Ya yi mata sai da safe ya koma.

Kwana biyu yana juya abin a ransa. Rabonsa da taɓa kare tun yana yaro, kuma bai taɓa tunanin zai yi ba a tsufansa. Amma kukan bai fasa ba, kuma tunda ya ga mai yin sa, sai ya daina jin sa a matsayin hayaniya. Ya sake zuwa ya faɗa mata sharaɗinsa: karen ba zai taka flat ɗinsa ba, shi ne zai riƙa shigowa nata da hantsi. Ta ba shi mukulli tana ta godiya har da durƙusawa. Ya zaro tsohuwar jaket ɗinsa ta tuƙin bas, ya ware ta don wannan aiki kaɗai. In ya gama sai ya rataye ta a bayan ƙofar Marvellous, ya koma gida ya wanke hannu da sabulu kafin alwalar azahar.

Ranar farko ya zo da kilishi a aljihu, irin wanda wani ya kawo masa tsaraba daga Kano. Allah ya sa Marvellous ba ta riga ta fita ba.

"Kai, Baba! Likitan dabbobi ya ce ban da albasa, ban da yaji. Zai iya yi masa lahani."

"Ikon Allah. Karen Turawa har da abin da ba ya ci."

Sai ya koma dafa ƙirjin kaza da ruwa zalla, ko gishiri babu, ya yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Da farko Alewa tsoronsa yake ji, yakan shige ƙarƙashin tebur ya lafe. Malam Labaran bai matsa masa ba. Ya watsa naman a tsakiyar falo, ya koma ya zauna a kujera, ya ce a hankali, "Nemo." Can sai ga hanci ya leƙo. Karen ya fito yana shinshina daɓe, ya tsinci ɗaya, ya tsinci na biyu, jelarsa ta fara motsi. Da ya gama ya zagaya falon ya tabbatar babu saura, sannan ya kwanta ya yi ajiyar zuciya. Ranar nan bai yi kuka ba sai wajen la'asar.

Daga nan abin ya riƙa ƙaruwa. Malam Labaran ya kifa kofunan roba a ƙasa, ya sa nama a ƙarƙashin guda, ya jujjuya su. Alewa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan mai naman, ya ture shi da ƙafa. Dattijon ya samo kwalin ƙwai ya zuba naman a wasu ramukan, ya toshe kowane rami da takarda dunƙulalliya. Ya shimfiɗa tsohon tawul ya barbaɗa a kai, ya naɗe shi kamar tabarma, karen ya yi ta turawa da hanci yana warwarewa. Wani lokaci wasan yakan fi ƙarfinsa, ya tsaya yana ɗan kuka, sai dattijon ya sassauta, ya ɗan ɗaga bakin kofi don ƙanshi ya fito. Ya lura in an bar shi ya gaza sau da yawa, zuciyarsa takan karye ya koma ƙarƙashin tebur. Don haka kullum da abu mai sauƙi yake rufewa.

Wanda ya fi so shi ne irin na kakansa. Ya cusa busasshen kifi a cikin tsohuwar safa, ya ɗaura mata igiya. Sai ya kulle Alewa a kicin, ya ja safar a ƙasa daga bakin ƙofa, ya bi ta gefen kujera, ya zagaya tebur, ya shiga lungu, ya ɓoye ta a bayan kwandon wanki. In ya buɗe kicin ya ce "Nemo," sai ka ga makahon nan ya kafa hanci a ƙasa yana tafiya ba ko tuntuɓe, kunnuwa na share daɓe, yana bin duk kwanar da safar ta bi. A wannan lokaci ba wanda zai ce ba ya gani.

Wata rana ya ce bari ya gwada ɓoye kansa. Ya lallaɓa ya shiga banɗaki ya tsaya a bayan ƙofa, dattijo mai furfura yana riƙe numfashi kamar yaro a dandali. Ya ji ƙarar farata a kan daɓe tana matsowa, ta wuce, ta dawo. Sai hanci mai sanyi ya dungure masa ƙafar wando. Dariya ta kuɓuce masa. Da ya ji ta tana amsawa a cikin banɗakin sai ya tsaya, don ya daɗe bai ji muryarsa a haka ba.

In sun gama, karen yakan kwanta kusa da ƙafarsa, ba ya taɓa shi, kamar ya san iyakar da aka yi masa. Shi kuma sai ya zauna ya yi ta magana. Ya ba shi labarin fasinjojin da ya ɗauka, da ranar da dusar ƙanƙara ta tsare shi a kan tudun Shooters Hill. Ya ba shi labarin yadda Murja ke dama fura da yogot na kanti ta ce ai babu bambanci, alhali ita ma ta san akwai. Alewa yana barci, kunne ɗaya a kife.

Kukan ya ragu har ya ɗauke. Mutanen hawan ƙasa suka daina kai ƙara.

Abin da ya dame shi shi ne rashin wanda zai ba labari. Ranar da Alewa ya gano safar da ya rataye a hannun ƙofa, sama da ƙasa, murna ta cika shi har ya ɗauki waya, sai ya rasa wanda zai kira. Ranar Juma'a a cikin bas ya gwada faɗa wa Alhaji Wahid, abokin sahunsa a masallaci, mutumin Ilorin da ya girma a Kano.

"Kare, Malam? Kai da girmanka?"

"Ba a gidana yake ba, Alhaji. Na maƙwabciya ne, makaho. Taimako nake yi."

"To, Allah ya ba da lada," in ji Alhaji Wahid. Amma ya ɗan janye gefen rigarsa, ya sauya zance zuwa tsadar jirgi. Malam Labaran bai sake tayar da maganar da kowa ba.

Haka suka yi sanyi guda da bazara. Sai wata yamma Marvellous ta shigo masa da labari. Yayarta ta samu gida a Barking, mai ɗan fili a baya, kuma ta ce ta dawo su zauna tare. Wurin ya fi kusa da sabon aikin da aka ba ta.

"Ai wannan abin murna ne," in ji shi. "Alewa zai samu ƙasa ya shinshina. Ya gaji da kafet."

"Baba, kai fa?"

"Ni me? Ni ina nan inda kika same ni. Allah ya sa alheri, 'yata."

Ranar tashi ya sauka har ƙasa ya tsaya a gefen mota. Ya miƙa mata mukullinta da leda mai kofuna da tawul da safa. Karen yana kujerar baya yana ɗaga hanci ta tagar da aka ɗan sauke. Malam Labaran ya sa hannu ya shafa kan karen sau ɗaya, ya juya ya shiga lif tun kafin motar ta tashi.

Barking tana tsallaken kogi ne. In gari ya yi haske, daga barandarsa yana hango gine-ginen wancan gefe, amma babu gada a tsakani. Hantsi ya zama lokacin da ya fi yi masa tsawo. Yakan tashi kamar zai dafa kaza, sai ya tuna, ya koma ya zauna.

Bayan kamar mako biyu wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, Toffee ba ya cin abinci sosai. Na yi masa duk wasannin nan, na kifa kofi, na naɗe tawul, ko motsi ba ya yi. Me kake ce masa ne?"

"Ke da wane yare kike masa?"

"Turanci mana."

"Ai shi ya sa. Da Hausa ya koya. Ki ce masa, nemo."

Ya ji ta faɗa sau biyu. Shiru.

"Ya ɗaga kai, amma bai tashi ba. Bari in sa ka a speaker."

Malam Labaran ya gyara murya. "Alewa. Nemo."

Sai ya ji ƙarar farata, da sauri, tana kai da kawowa. Ya ce, "Ya samu?"

Marvellous ta ce, "Baba, bai je wajen kofin ba. Kai yake nema. Ya duba bayan ƙofa, ya shiga banɗaki. Yanzu ga shi yana shinshina wayar."

Kashegari da sassafe ya dafa kaza, ya sa a roba. Ya hau bas zuwa Woolwich, ya shiga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin kogi, ya sauya a West Ham, ya kama jirgin District line zuwa Barking. Matakalar tasha ta gasa masa gwiwa, sai da ya tsaya ya huta a tsakiya. Gidan yana cikin wani layi na gidaje masu kama da juna. Bai kai ga ƙwanƙwasawa ba ya ji kuka daga ciki da karce ƙofa. Da aka buɗe, karen ya fito ya yi karo da ƙafafunsa, ya zagaya shi, ya sake zagayawa, jikinsa duk yana rawa. Dattijon ya zauna a kan dakalin ƙofa.

Ranar nan a filin baya suka yi wasan. Ya ja safa a cikin ciyawa, ya zagaya da ita bayan tukunyar fure. Sannan ya sa Marvellous ta ja da kanta, ita ta ce "Nemo," shi kuma ya yi shiru a gefe, har karen ya saba karɓar umarni daga bakinta. Ya nuna mata yadda za ta sassauta in ya gaza, da yadda za ta rufe da mai sauƙi.

Ya riƙa zuwa duk Talata har ƙarshen bazara. Da sanyi ya shigo gwiwoyin suka kumbura, likita ya hana shi hawa matakala, zuwan ya koma sai jefi-jefi, daga baya ya tsaya. Marvellous takan turo masa bidiyo, ya kalla, ya sake kallo.

Wata Lahadi bayan ta taso daga coci sai ga ta a ƙofarsa, ita kaɗai. Da ganin fuskarta ya gane Alewa ya mutu.

"Jiya da rana, Baba. A barci. Ya ci abincinsa, ya yi wasansa, ya kwanta a rana, bai tashi ba."

Malam Labaran ya gyaɗa kai. "Allah mai iko," in ji shi. Ya matsa mata ta shigo, karon farko da ta taka falonsa. Ya haɗa musu shayi. Suka zauna har la'asar.

Da Fa'iz ya zo hutun ƙarshen shekara ya ji labarin daga bakin mahaifinsa, ya yi mamaki ƙwarai. Da Turanci ya amsa, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya ce akwai wuraren da ake karɓar tsofaffin karnukan da ba su da kowa, in Baba yana so zai yi masa booking su je su duba.

"A'a," in ji Malam Labaran. "Ni ba mai kiwon kare ba ne. Wancan ɗin ne kawai muka haɗu."

Har yanzu yana hawa na shida. In rana ta fito kuma gwiwa ta yi sauƙi, yakan ɗauki sanda ya sauka zuwa bakin tafkin unguwa, ya zauna a benci yana kallon agwagi da masu yawo da karnukansu. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu yakan ja mai shi ya zo ya shinshina masa takalmi. Mai karen ya yi ta ba da haƙuri yana jan igiya, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce a bar shi. Yakan zauna cak har dabbar ta gama abin da take yi ta wuce, sannan ya dafa sanda ya miƙe don kada azahar ta same shi a hanya.